Saukar Jiragen Soja da Jagorancin Tauraron Ɗan'adam: Tambayoyi da Amsoshi daga Yamai

A Yamai jiragen farar hula da na soja titi ɗaya suke takawa, domin sansanin sojan sama na 101 yana jingine da filin jirgin Diori Hamani. Shi ya sa tambayoyin da ake yi kan sauka da GPS suke fitowa daga ɓangarorin biyu: ɗalibai, makanikai, masu aikin hasumiya, har da mutanen unguwannin gabashin gari da ke jin rugugin jirgi cikin hazo ba su ganin sa. Ga waɗanda aka fi yi.

Wace irin sauka ake magana a kanta?

Saukar da na'ura ke yi wa matuƙi jagora ta fuska biyu a lokaci guda: tana nuna masa ko ya karkata dama ko hagu daga tsakiyar titi, tana kuma nuna masa ko ya yi sama ko ƙasa da layin gangara. Layin gangarar da aka saba shi ne digiri 3, wato jirgi yana sauka kimanin ƙafa 318 a kowane mil na ruwa, kuma ana so ya tsallake bakin titi a tsayin ƙafa 50.

Matuƙi yana bin wannan layi ba ya ganin komai a waje har ya kai tsayin yanke shawara. A mataki na ɗaya wannan tsayi ƙafa 200 ne, mita 60, kuma ana so a iya hangen mita 550 a kan titi. A mataki na biyu ƙafa 100 ne da hangen mita 300. Idan ya kai can ya ga fitilu, ya sauka. Idan bai gani ba, ya ƙara wa injin wuta ya tashi, babu jayayya.

Akwai lissafin da ya kamata a tsaya a kansa. A ƙafa 200 bakin titi yana gaban jirgi da kusan mita 870, shi kuwa matuƙi mita 550 kawai yake hange. Ashe ba titin yake fara gani ba, jerin fitilun da aka shimfiɗa kafin titi yake gani, waɗanda tsawonsu kan kai mita 900. Filin da ba shi da waɗannan fitilu, ko da an kawo masa sigina mafi kyau a duniya, sai an nemi hangen kilomita ɗaya ko fiye kafin a sauka a cikinsa.

Da me ake sauka kafin zuwan tauraron ɗan'adam?

Da ILS, na'urar rediyo da ake kafawa a filin jirgi, kuma har gobe ita ce uwa. Eriya ɗaya a ƙarshen titi tana aika sigina tsakanin megahaz 108 da 112 don nuna tsakiya, wata a gefen titi tana aikawa tsakanin 329 da 335 don nuna gangara. Kowane bakin titi sai an kafa masa tasa, sai an baje ƙasar da ke gaban eriya, sai an hana mota ko jirgi tsayawa kusa da ita, sai kuma jirgin awo ya riƙa zuwa yana gwada ta.

Soja suna da nasu ƙari. Akwai radar sauka, inda ma'aikaci a ƙasa yake kallon allo yana faɗa wa matuƙi ta rediyo: ka yi sama kaɗan, koma hagu, kana kan layi. Da irin wannan aka yi jigilar abinci zuwa Balin a 1948 da 1949. Akwai TACAN mai ba da nisa da shiyya. Sai tsohuwar tashar NDB, wadda allura kawai take juyawa ta nuna inda take. A ranar 3 ga Afrilu 1996 wani jirgin sojan saman Amurka da ke bin NDB cikin mummunan yanayi ya bugi dutse kusa da Dubrovnik a Kuroshiya, mutum 35 suka mutu, har da sakataren kasuwanci Ron Brown. Wannan hatsari yana cikin abubuwan da suka hanzarta sanya GPS a jiragen dakon soja.

Ta yaya GPS ke gane inda jirgi yake?

Da agogo. Taurarin GPS suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200, kowanne sau biyu a yini, a kan hanyoyi shida. An harba na farko a 1978, tsarin ya cika aiki a 1995 da taurari 24, yanzu kuwa masu aiki sun kai wajen 30. Kowanne yana ɗauke da agogon atom yana shelar inda yake da lokacin da ya yi magana. Na'urar jirgi tana auna tsawon lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta iso, ta mayar da shi nisa. Taurari uku za su ba da wuri, na huɗu yana gyara agogon na'urar, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana zama kuskuren mita 300.

Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou da ta kammala a 2020. Duk dabara ɗaya ce.

Wayata tana nuna ni a ƙofar gidanmu daidai. Me ya hana jirgi sauka da GPS haka nan?

Abu biyu. Na farko, awon tsayi ya fi awon wuri rauni. Taurarin duk suna sama da kai, babu wanda ke ƙarƙashin ƙasa da zai daidaita lissafin, don haka kuskuren tsayi kan kusa ninka na gefe. Mota ba ruwanta da tsayi. Jirgin da ya rage masa mita 60 ya taɓa ƙasa, tsayi shi ne ransa.

Na biyu shi ne babba, kuma a kansa duk wannan ilimi ya tsaya: amana. Waya tana yin daidai kusan kullum, amma ranar da ta yi kuskure ba ta faɗa. Na'urar sauka dole ta san iyakar kuskurenta a kowane sakan, kuma idan kuskuren ya wuce iyaka ta ɗaga tuta cikin sakan 6. Jirgin da ke gudun kulli 135, wato mil na ruwa 135 a awa, yana cin kusan mita 70 a sakan ɗaya. Cikin sakan 6 ya yi gaba da mita 400, ya sauka da mita 22. Agogon tauraro yana iya lalacewa a ɗauki mintoci masu yawa kafin masu kula da shi daga ƙasa su sa masa alamar rashin lafiya. Jirgin da ke kan gangara ba shi da waɗannan mintoci.

Matakin kariya na farko yana cikin na'urar jirgin kanta, ana kiran sa RAIM. Idan tana ganin taurari biyar, za ta gane cewa ɗaya ya saɓa wa sauran. Idan shida ne, za ta gane wanne ne ta fitar da shi. Wannan ya isa a yi jagorar dama da hagu da iyakar kuskuren mil 0.3, mita 556. Bai isa a yi jagorar tsayi ba. Don haka aka ƙirƙiro hanyoyin gyara guda biyu, SBAS da GBAS.

Mene ne SBAS, kuma muna da shi a Nijar?

Ana kafa tashoshin awo a wuraren da aka san matsayinsu sarai, a warwatse cikin ƙasashe. Kowace tana sauraron GPS tana ganin yadda aka kauce mata. Cibiya tana tattara wannan, ta fitar da gyaran agogo da na hanyar kowane tauraro, da taswirar jinkirin da sama ke jawowa, sannan ta aika wa wani tauraro mai tsayuwa wuri ɗaya a nisan kilomita 35,786, shi kuma ya watso wa jirage. Filin jirgin kansa ba ya bukatar ko eriya ɗaya. Saukar da ake yi da wannan ita ce LPV: iyakar kuskure mita 40 a gefe da mita 50 a tsaye, ko mita 35 idan ana so a sauko har ƙafa 200.

Amurka ta fara amfani da WAAS a 2003, Turai ta buɗe EGNOS ga jirage a 2011, Indiya tana da GAGAN. A nan, ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashen Afirka da dama, wadda aka kafa a 1959 kuma Nijar ke cikinta, ita ke gina namu mai suna ANGA. A Satumbar 2020 aka fara watsa siginar gwaji ta tauraron Najeriya NigComSat-1R, kuma a Janairun 2021 jirgin awon ASECNA ya yi saukar gwaji da ita a Lome. Amma siginar gwaji ba izini ba ce. Matuƙi ba ya bin LPV cikin hazo sai an buga hanyar a littafin bayanan jiragen sama na AIP kuma hukuma ta amince da sabis ɗin. Na'ura takan kamo siginar EGNOS a samaniyar Yamai, kada wannan ya ruɗi kowa: tauraron yana haska Afirka, gyaran da ke cikinsa kuwa na Turai ne.

GBAS fa?

Shi a cikin filin jirgi ake kafa shi. Eriyoyin awo, yawanci huɗu, suna zaune a wuraren da aka auna. Kwamfuta tana kwatanta su da juna, ta lissafa gyaran kowane tauraro, ta watsa shi sau biyu a sakan ta rediyon VHF tsakanin megahaz 108 da 118, har nisan kimanin mil 23. Tare da gyaran tana aika siffar layin gangara kanta. Matuƙi yana shigar da lamba mai alƙaluma biyar, allonsa ya nuna masa allurai irin na ILS. Iyakar kuskuren tsayi a nan mita 10 ce.

Tasha ɗaya tana ɗaukar duk bakunan titi na filin, har da gangara iri-iri: wata ta jirgin dako, wata mai tsauri ta jirgi mai saukar ungulu. Biremen a Jamus da Newark a Amurka sun fara aiki da shi a 2012, Sidni da Farankfot suka biyo baya a 2014.

Me ya bambanta na soja?

GPS asalinsa na ma'aikatar tsaron Amurka ne. Siginar da kowa ke kamawa tana kan megahaz 1575.42, a buɗe take. Soja suna da wata mai kulle, P(Y), a kan wannan zango da kuma 1227.60, sai sabuwar M. Ba a buɗe su sai da mabuɗin sirri da ake loda wa na'ura kafin tashi, wanda Amurka ke ba ƙawayenta bisa yarjejeniya, kuma yana da wa'adi. Jirgin da mabuɗinsa ya ƙare yana komawa kan siginar farar hula, wani lokaci matuƙan ba su lura ba. Har zuwa Mayun 2000 ma da gangan ake gurɓata ta farar hula zuwa kuskuren mita 100.

Amfanin kulle shi ne maƙiyi ba zai iya ƙirƙiro siginar ƙarya irinta ba. Jiragen yaƙi kan ƙara da eriya mai idanu da yawa wadda ke toshe kunnenta ta shiyyar da hayaniya ke fitowa, sannan a haɗa GPS da na'urar INS a akwati ɗaya. INS ba ta sauraron kowa, motsin jirgi take ji tana lissafi, sai dai tana zamewa da kusan mil ɗaya a kowace awa idan babu mai gyara mata.

Ƙololuwar abin shi ne JPALS na sojan ruwan Amurka, wanda kamfanin Raytheon ya ƙera don jiragen F-35 masu sauka a kan jirgin ruwa. Can titin yana tafiya, yana tangaɗi, igiyoyin da ke kama jirgi kuma tazarar da ke tsakaninsu wajen mita 12 ce. Na'urorin jirgin ruwa suna auna motsinsa, su aika ta rediyon UHF mai kulle, jirgin sama ya lissafa matsayinsa dangane da jirgin ruwan. Ba saƙon da ke cikin sigina kaɗai ake karantawa ba, har igiyar siginar ake ƙirgawa, mai tsawon santimita 19, shi ya sa daidaiton ke saukowa ƙasa da mita ɗaya. An fara aiki da shi a 2018, Ingila da Italiya ma sun sa a jiragen ruwansu.

Wani abu da ake yawan mantawa: samun GPS na soja bai ba jirgi damar bin hanyar saukar farar hula ba. Na'urar da aka yi don kai hari tana iya zama daidai ƙwarai amma ba ta da RAIM da aka tantance, ba ta da rumbun hanyoyi da aka kulle. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, mai tsara harkar jiragen farar hula, ba ta hau kan jiragen gwamnati ba, gaskiya ne, amma C-130 ko Cessna 208 da ke bin layi ɗaya da jirgin fasinja zuwa titin Yamai ya kamata hukumarsa ta riƙe shi da ma'auni ɗaya.

Hazo da ƙura suna tare sigina?

A'a. Siginar GPS tana ratsa ƙura da gajimare da ruwan sama. Abin da hazon hunturu ke ɗaukewa daga Nuwamba zuwa Maris shi ne idon matuƙi. Hazo yana da yaudara: daga sama ka leƙa ƙasa ka ga Kogin Kwara da gada, amma da ka karkato kana duban gaba sai komai ya zama fari. Kada ganin ƙasa daga sama ya sa a saki allurai.

Jirgi mai saukar ungulu matsalarsa daban. A mita 15 ko 20 na ƙarshe fukafukansa suke tayar da yashin da zai rufe shi. GPS zai kai shi kan wurin, amma tsayuwa cikin wannan turnuƙu tana bukatar na'urar auna tsayi ta rada da allon da ke nuna zamewar gefe. Guguwar damina da ke tasowa daga gabas kuwa, babu na'urar da ke maganinta. A jira ta wuce.

To mece ce babbar matsalar yankinmu?

Tana can sama, tsakanin kilomita 100 da 1,000, inda hasken rana ke cika iska da lantarki. Wannan shimfiɗa, ayonosfiya, tana jinkirta sigina. Jinkirin kan zama kuskuren mita kaɗan da dare mai natsuwa, ya kai gomman mitoci da rana ga tauraron da ke kusa da gefen sama. A Turai abin yana canzawa a hankali, don haka taswirar SBAS mai gidaje na digiri 5 tana kama shi.

Yamai tana digiri 13.5 arewa, kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, wanda a Afirka ta Yamma ya ratsa ƴan digirori kudu da mu. A wannan ɗamara, bayan faɗuwar rana, shimfiɗar tana tsagewa ta yi kumfa-kumfa marasa lantarki masu tafiya gabas. Siginar da ta ratsa gefen kumfa tana rawa, ƙarfinta ya faɗi ya tashi, na'ura ta saki tauraron. Wani lokaci taurari biyu ko uku na shiyya ɗaya su ɓace tare. Abin ya fi tsanani daga bayan magariba zuwa tsakar dare, a wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, kuma yana ƙaruwa a shekarun da rana ta fi tashin hankali cikin zagayenta na shekara 11. Zagayen da muke ciki ya kai ƙololuwa a wajen 2024.

Ga GBAS haɗarin ya fi ɓoyuwa. Tashar ƙasa tana kallon tauraro ta cikin kumfa, jirgin da ke nesa da kilomita ƴan kaɗan yana kallon sa ta waje, sai gyaran da aka aika masa ya zama ba nasa ba. Birazil ta gamu da wannan a Riyo bayan ta kafa tasha a 2011: lissafin tsaron da aka yi don samaniyar Amurka bai rufe abin da ake gani a can ba. Darasin ya shafe mu kai tsaye. Duk na'urar da za a kawo Yamai ko Tawa, a tambayi mai sayarwa da awon wace samaniya aka tantance ta.

Maganin da ke tafe shi ne sauraron zango biyu, na 1575.42 da na 1176.45. Jinkirin ya bambanta tsakaninsu, don haka na'ura tana cire shi da kanta. Idan aka haɗa GPS da Galileo kuma, ɓacewar taurari uku ba ta rusa lissafi. Rawar siginar dai tana nan.

Akwai saukar GPS mai layin gangara ba tare da SBAS ba. Ita ma daidai ce?

Akwai, LNAV/VNAV, kuma ita ce aka fi samu a ƙasashenmu. GPS yana ba da dama da hagu, tsayi kuwa daga ma'aunin nauyin iska yake zuwa. Tana saukowa har ƙafa 250 idan babu cikas. Tana da amfani ƙwarai, amma rauninta biyu dole a san su.

Na farko lambar QNH, wato nauyin iska da hasumiya ke bayarwa don saita ma'aunin tsayi, ana auna shi da hektopaskal. Kuskuren hektopaskal ɗaya ƙafa 28 ne. Idan aka shigar da lamba mafi girma da 10, jirgi yana ƙasa da inda yake zato da ƙafa 280, kuma allurai suna tsakiya cif, domin layin gangarar gaba ɗayansa ya nutse. A ranar 23 ga Mayu 2022 wani jirgin fasinja A320 da ke sauka a filin Charles de Gaulle na Faris cikin ruwan sama an ba shi 1011 maimakon 1001. Ya rage ƙafa 6 ya taɓa ƙasa, tun bai kai titi ba. Teburin nisa da tsayi da ke kan taswira ba ya kama wannan kuskure, domin da ma'aunin da ya ɓata ake karanta shi. Abin da ke kama shi: a kwatanta QNH na rediyo da na rahoton yanayi da aka karɓa tun da farko, matuƙa biyu kowa ya ji da kunnensa ya maimaita, a kuma dubi ma'aunin tsayi na rada da zarar ya farka a ƙafa 2,500. ILS da LPV da GBAS layinsu ba ya motsi da QNH.

Na biyu zafi. Yamai tana kan tsayin mita 223, inda ma'aunin ke zaton zafin digiri 13 ko 14. Da azahar a Afrilu ana samun 43. Iska mai zafi tana buɗewa, sai jirgi ya kasance sama da abin da ma'auni ke nunawa da kusan kashi 10 cikin ɗari, gangarar digiri 3 ta koma 3.3. Ba ya kusantar da jirgi ga ƙasa, amma yana sa saukowa da sauri, fitilun PAPI na gefen titi masu nuna gangara su nuna fari uku maimakon biyu, jirgi mai nauyi ya ci titi da yawa.

Me matuƙa ke yi, daga farko zuwa ƙarshe?

Tun a ƙasa ake duba ranar rumbun bayanai, domin ana sabunta shi kowane kwana 28. A duba sanarwar NOTAM da ake fitar wa matuƙa, a yi hasashen RAIM na lokacin isa, a tabbatar da mabuɗin sirri idan jirgin na da shi. A zaɓi filin ko-ta-kwana mai hanyar sauka da ba ta dogara da tauraro ba, a ɗauki man da zai kai can. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin mai ba ne: Tawa tana kusan kilomita 370 daga Yamai ta sama, Agadas ta haura 700.

Kafin gangarowa ake kiran hanyar daga rumbu da sunanta. Ba a rubuta wuraren da hannu, ba a gyara komai daga mashigin gangarar ƙarshe zuwa titi. A kwatanta allo da taswira: shiyya, nisa, tsayi, lambar tasha. Cikin mil 30 na filin na'ura tana matse ma'auninta zuwa mil 1, kafin mashigin ƙarshe ta matse zuwa 0.3 ta kuma rubuta irin saukar da ta amince da ita. Idan an shirya LPV ta rubuta LNAV, wato jagorar dama da hagu kawai, an sauya magana: tsayin tsayawa ya ƙaru, kuma idan ba a tattauna wannan tun farko ba, a fasa a sake shiri.

A kan gangara, a ninka gudun ƙasa da biyar a sami saurin saukowa: kulli 130, ƙafa 650 a minti. A ƙafa 1,000 jirgi ya zama ya natsu, ƙafafu a waje, gudu daidai. Tutar gargaɗi ta fito, ko taswira ta yi tsalle, ko matuƙan biyu suka ga allonsu ya saɓa, a tashi.

Idan maƙiyi ya toshe sigina ko ya aiko ta ƙarya fa?

Siginar GPS tana isowa da rauni ƙwarai, ƙasa da hayaniyar da ke cikin iska, shi ya sa ƙaramar na'ura ke iya danne ta. A Newark wani direba ya sa irin wannan a motarsa don kada wurin aikinsa ya bi sawunsa, ya riƙa dagula tashar GBAS, aka ci shi tarar kusan dala 32,000 a 2013. A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa Tartu a Istoniya wata guda, saboda saukar filin ta dogara da GPS kuma ana toshe shi.

Toshewa tana da sauƙin ganewa, na'ura tana cewa ta rasa taurari. Siginar ƙarya ta fi muni, domin RAIM yana neman tauraron da ya saɓa wa ƴan'uwansa ne, nan kuwa duka sun haɗa baki. Alamominta: agogon jirgi ya yi tsalle, gudun ƙasa ya saɓa wa hankali, gargaɗin dutse ya yi kuka a sarari fetal, matsayin GPS ya rabu da na INS da na DME, tashar ƙasa mai ba da nisa. Abin yi shi ne a cire GPS daga lissafi da wuri kafin ya gurɓata INS, a sanar da hasumiya, a nemi jagorar rada, a sauka da ILS ko VOR, tashar ƙasa mai ba da shiyya. Wasu na'urori ba sa warkewa ko an fita yankin, sai an kashe su an kunna a ƙasa.

Me ake bukata a kafa irin wannan sauka a fili kamar na Tawa?

Awo kafin komai. A auna bakunan titi biyu da tsayinsu a tsarin awon duniya na WGS-84, wanda ICAO, hukumar jiragen farar hula ta duniya, ta wajabta tun 1998. Tsofaffin taswirorin ƙasar nan an yi su a kan wani ma'auni daban, kuma ɗauko lamba daga cikinsu yana iya kautar da titi da gomman mitoci ko fiye. Tsayin da GPS ke bayarwa ma ba daga matakin teku yake farawa ba, a yankinmu bambancin ya kai wajen mita 20. Wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya ya ɗaga layin gangara ko ya binne shi da tsayin bene mai hawa shida.

Sai a auna duk abin da ya tsaya a hanyar jirgi: eriyoyin kamfanonin waya, tankunan ruwa, hasumiyar masallaci, turakun lantarki, tuddai. Eriyar waya cikin mako ɗaya ake kafa ta, don haka awon yana tsufa, sai an sami mai sa ido. Ƙwararren mai zane ya tsara hanyar bisa ƙa'idojin ICAO da ake kira PANS-OPS, har da hanyar tashi idan an fasa, wadda ake lissafawa da hawan kashi 2.5 cikin ɗari. Wani ya sake bin lissafin, jirgin awo ya bi ta da rana, ANAC, hukumar jiragen farar hula ta Nijar, ta amince, a buga. Bayanan gangarar ƙarshe ana rufe su da lambar tantancewa, ta yadda ko alƙalami ɗaya ya canza na'ura za ta ƙi su.

A ƙasa kuma: ma'aunin QNH da aka gwada da mai karanta shi a lokacin da jirgi zai zo, rediyo, fitilu da janareto, da shingen da zai hana dabbobi hawa titi.

Tunda haka ne, a cire ILS a huta da kuɗin gyaranta?

A ganinmu a'a, musamman a filin da soja ke amfani da shi. Tauraro ya fi amfani a inda babu komai: ɗaya bakin titin da ba shi da ILS, da filaye irin na Tawa, Maraɗi, Difa da Dirku. A babban fili kuwa a bar ILS da VOR da DME suna aiki, a riƙa gwada su, matuƙa su riƙa bin su da hannu a horo. Mai GPS wata ƙasa ce, ayonosfiya ba ta hannun kowa, mai toshewa kuma ranar da aka fi bukatar sauka yake kunna na'urarsa.

A ina matashi zai koyi wannan aiki?

Makarantar EAMAC ta ASECNA tana nan Yamai, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, injiniyoyin na'urorin sauka da masana yanayi, ana shiga ta gasar jarrabawa. Mai sha'awa ya riƙe lissafi da kimiyyar lantarki da kyau, ya kuma koyi Ingilishi tare da Faransanci, domin da su ake magana a rediyo kuma da su aka rubuta littattafan na'urorin. Ɓangaren soja ana shigarsa ta hanyar ɗaukar sojan sama, daga nan rundunar ke tura mutum kwas ɗin tuƙi, na makanikanci ko na sadarwa.